Kujerar Makka da Kujerar Mil

Tarihin kujerar kyauta a jirgin sama, daga Kabo zuwa Texas, da abin da yake faɗa wa masu shirin tafiya cin amarci

Shekarar 1981 ta zo wa harkar sufurin sama da haihuwa biyu, tsakaninsu 'yan makonni ne kawai, kuma babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta. A watan Afrilu, wani sabon kamfani mai ɗauke da sunan Kabo, garin nan da ke yamma da Kano ta hanyar Gwarzo, ya fara jigilar fasinja. Ranar 1 ga watan Mayu kuma, kamfanin American Airlines da ke jihar Texas ta Amurka ya ƙaddamar da shirin AAdvantage, wanda ya yi wa fasinja alkawarin za a riƙa rubuta masa kowane mil da ya yi a sama a matsayin maki, idan makin ya taru a ba shi kujera ba tare da ya sayi tikiti ba.

Bayan shekara arba'in da 'yan kai, jiragen Kabo sun daina tashi, dabarar Texas kuwa ta shigo har cikin wayoyinmu. Duk mai leƙa Instagram ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: ango da amarya a sashen gaba na jirgi, kujera ta miƙe ta zama gado, ana jera musu abinci a farantin tangaran, suna bayanin cewa tikitin da ake sayarwa dala dubbai sun same shi da maki da ɗan cikon da bai taka kara ya karya ba. Matashin ma'aikaci ɗan Gwarzo da ke haɗa lefe a Kano ko Abuja yana da hujjar ya tambaya ko shi ma zai iya. Amsar tana cikin tarihi. Kowane tsarin kujerar kyauta an ɗinka shi ne daidai jikin wani irin fasinja, kuma fasinjan da aka auna a Texas daban yake da wanda ya raya filin jirgin Kano.

Garin da jirgi ya fara sani

Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila guda uku ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa na Kano. Wannan tafiya ce ake lissafawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe layi daga Khartoum zuwa Kano, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma garin ya zama zango ga jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi a tura su Masar. Bayan yaƙi sai manyan kamfanonin Turai, irin su BOAC da Sabena da KLM, suka mayar da Kano mashaya, domin jiragen lokacin ba sa iya tsallake Sahara su kai kudancin Afirka ba su sha mai ba.

Sai dai fasinjojin da ke cikin jiragen baƙi ne masu wucewa, kamar yadda ayarin raƙuma ya saba yada zango a garin ƙarnoni kafin haka. Kuma a wancan zamani babu wata magana ta sashen gaba, tunda jirgin gaba ɗayansa na masu hali ne. Sai a 1952 kamfanonin da ke tsallake Tekun Atlantika suka fito da aji mai rahusa, a 1958 kuma aka ƙara saukowa zuwa ajin gama-gari. Daga nan labulen da ke raba jirgi gida biyu ya samo asali. Da jirage masu dogon zango suka zo, buƙatar tsayawa a Kano ta kau, kamfanonin suka janye ɗaya bayan ɗaya. KLM, wanda ya fara zuwa a 1947, ya yi tashinsa na ƙarshe daga Kano a 2012.

Fasinjan da ya cika jirgin

Wanda ya sa Bahaushe cikin jirgi da yawa shi ne aikin Hajji. A farkon ƙarni na 20, mutumin Gwarzo ko Kabo da ya ɗauri niyyar Makka yakan kama hanya a ƙafa ko a kan jaki, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, yana noma da ƙwadago a hanya don neman guzuri. Tafiyar kan ci shekaru, kuma da yawa ba su dawo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. A 1948 wasu attajiran Kano, Mahmud Ɗantata da Haruna Ƙasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa WAPA don jigilar maniyyata, da farko a mota, daga baya harkar ta koma jirgi. Sunan ya zauna a kan wurin nan na Fagge da 'yan canji ke zama. Da kuɗin mai suka shigo, sai Hajji ya zama abin da manomi da ɗan tireda ke iya kaiwa gare shi, har adadin alhazan Najeriya ya haura dubu ɗari a 1977. Ko babban baƙin cikin filin jirgin Kano na alhazai ne: ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya kwaso su daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

A cikin wannan zamani ne kalmar kujera ta sami sabuwar ma'ana a bakin Bahaushe. Idan aka ce wane ya biya kujera, ba mai tambayar ko ta falo ce. Idan aka ce an ba wance kujera, kowa ya san ta Makka ake nufi. Ɗa yana biya wa mahaifiyarsa, miji yana biya wa matarsa, attajiri yana ba limamin unguwa ko tsohon yaron shagonsa, gwamna yana raba wa malamai da 'yan jam'iyya, ana sa ta kyauta a musabaƙar Alƙur'ani. Ita ce kujerar kyauta ta farko da muka sani, kuma ita ma sakamakon biyayya ce, sai dai biyayyar ga mutum ake yinta. Wanda ya bayar ya san wanda ya karɓa, abin da yake tsammani kuwa addu'a ce, ko godiya, ko riƙon amana, wani lokaci ƙuri'a. Wanda ba shi da mai ba shi kuma yakan tara ne da kaɗan-kaɗan, al'adar da Hukumar Alhazai ta Ƙasa da Bankin Jaiz suka mayar tsari a 2020 da sunan Adashin Gata.

Ɗan Kabo

Cikin wannan kasuwa Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya shigo. Ya kafa Kabo Air a 1980, lokacin da kamfanin gwamnati na Nigeria Airways ya riƙe sararin ƙasar shi kaɗai, amma ya kasa biyan buƙata, har ta kai an ɗauko KLM ya riƙa gudanar da shi daga 1979 zuwa 1981. Waɗanda suka yi tafiya a shekarun suna tuna yadda abin yake: tikiti a hannu ba ya nufin kujera, kuma idan aka kira shiga jirgi sai a kwasa da gudu a kan kwalta, wanda ya riga ya zauna. Kabo, da Okada Air na Gabriel Igbinedion da ya biyo baya, sun shigo ta ƙofar jirgin shata, suka cike gurbin da kamfanin gwamnati ya bari. Daga ofishinsa na titin Ashton a Kano, Kabo ya fara da tsoffin jiragen Caravelle, ya koma Boeing 727 da BAC 1-11, daga bisani ya tara manyan Boeing 747. A 2001 ya bar jigilar cikin gida ya mayar da hankali ga alhazai da shata. Ɗankabo, wanda ya riƙe sarautar Jarman Kano da hakimcin Kabo, ya rasu a 2002, shekara guda kafin Nigeria Airways ya durƙushe.

Abin lura a nan shi ne yadda kasuwar shata take. Maniyyaci ba ya zaɓen jirgi. Hukuma ce ke cewa jiha kaza kamfani kaza zai kwashe ta. Yawancin alhazai sau ɗaya suke tafiyar a rayuwarsu. Jirgin kuma cika shi ake yi maƙil da kujeru, domin riba tana cikin yawan kawuna. Kamfanin da ke wannan sana'a ba shi da dalilin lallashin fasinja ya dawo, wanda zai lallasa shi ne mai ba da kwangila. Kamfanonin Arewa da suka biyo sawu, irin su Max Air na Ɗahiru Mangal da Azman Air na Abdulmunaf Yunusa Sarina, su ma Hajji da Umra sun kasance cikin ginshiƙan kasuwancinsu. Shi ya sa yankin da ya fitar da masu jirage tun shekara arba'in da suka wuce bai taso da al'adar tara maki ba. Ba rashin wayewa ba ne, kasuwar ce ba ta nemi hakan ba.

Abin da aka ƙulla a Texas

A Amurka matsalar wata ce dabam. Kafin 1978 hukumar gwamnati ce ke yanke farashin tikiti da hanyar da kowane kamfani zai bi. A watan Oktoban shekarar Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara, nan take gasar karya farashi ta ɓarke. Tsoffin kamfanoni masu nauyin albashi suka ga ba za su iya gogayya da sababbi a rahusa ba, sai suka nemi abin da zai ɗaure fasinjansu mafi tsoka, wato ma'aikacin da ke tashi kowane mako a kan kuɗin ofishinsa. Wani ƙaramin kamfani, Texas International, ya fara gwada lissafin mil a 1979. American Airlines, ƙarƙashin Robert Crandall, shi ne ya yi abin da girma, domin yana da kwamfutar ajiye sunayen fasinja mai suna SABRE, wadda da ita ya zaƙulo kimanin mutum 150,000 da suka fi yawan tafiya ya sa su cikin shirin. Cikin 'yan kwanaki United ya fito da nasa, Delta ma ya bi sahu a shekarar.

Dabarar tana da ƙafa biyu. Ta farko, kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa asara ce da ba ta dawowa, kamar tumatir da ya kwana a kasuwa, don haka ba da ita kyauta ba ya cin kamfani komai sai kuɗin abinci da ɗan mai. Ta biyu, wanda ke zaɓen jirgi ba shi ne mai biyan tikiti ba. Ofis ke biya, makin kuma ya shiga aljihun ma'aikaci, sai ya zamana yana da dalilin zaɓar jirgi mai tsada ko hanya mai nisa. A daidai wannan lokaci ne kuma aka ƙirƙiri aji na tsakiya. A ƙarshen shekarun 1970 British Airways da Pan Am da Qantas suka ware sashe na musamman ga mai tafiyar aiki, suka kira shi ajin 'yan kasuwa. Kujerarsa ta yi ta faɗi har British Airways ya mayar da ita gado a 2000, a 2017 kuma Qatar Airways ya fito da Qsuite, inda kujeru biyu na tsakiya ke haɗewa su zama gadon mutum biyu. Wannan gado shi ne ake gani a yawancin hotunan amaren nan.

Yadda mil ya zama kuɗi

Babban juyin ya zo ne a ƙasa. A 1987 American Airlines ya haɗa kai da Citibank suka fitar da katin bashi mai ba da mil a kan kowace dala da aka kashe. Daga nan mil ya rabu da tafiya. Banki na sayen maki daga kamfanin jirgi da tsabar kuɗi, ya raba wa masu katinsa, ya mayar da kuɗinsa daga kason da yake cira a hannun mai shago, wanda a Amurka yakan kai kashi 2 cikin 100 na ciniki, da kuma kuɗin ruwan da yake caja ga waɗanda suka kasa biyan bashinsu a ƙarshen wata. A 2016 bankin Chase ya ba da maki 100,000 ga duk wanda ya buɗe sabon katinsa ya kashe wani adadi cikin wata uku. Ango ya buɗe ɗaya, amarya ta buɗe ɗaya, a biya kuɗin ɗakin biki da abinci da katunan, ga kujeru biyu na gaba sun samu ba tare da ɗayansu ya taɓa hawa jirgi ba. Asirin yawancin bidiyon ke nan.

Girman harkar ya fito fili a lokacin annobar korona. Da jirage suka tsaya cik, abin da kamfanonin Amurka suka jinginar don karɓar bashi shi ne shirin makinsu: United ya karɓi dala biliyan 6.8 a 2020, Delta biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021. A 2023 kaɗai Delta ya samu kusan dala biliyan 6.8 daga American Express. Wani bincike da masana tattalin arziki, ciki har da na Babban Bankin Amurka, suka yi a kan katunan lada ya ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 15 ke tashi kowace shekara daga aljihun masu ƙarancin ilimi da yankunan talakawa zuwa na masu ilimi da yankunan masu hali. Gadon amarcin nan da ake cewa kyauta ne akwai wanda ya biya shi, sai dai ba ya cikin hoton.

Kuma kuɗi ne da mai buga shi ke da ikon karya darajarsa ranar da ya ga dama. A 2015 Delta da United suka daina lissafa maki da nisan tafiya suka koma lissafi da kuɗin tikiti, Delta ma ya janye jadawalin farashin kujerun maki gaba ɗaya. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wani malamin Yahudawa, Binyomin Ginsberg, wanda kamfanin Northwest ya kora daga shirinsa saboda yawan ƙorafi, kuma kamfanin ne ya yi nasara. Idan kamfani ya mutu kuwa makin ya bi shi kabari, kamar yadda ya faru da fasinjojin Ansett na Ostireliya a 2001. Ɗan Najeriya da ya ga ƙarshen Okada da Chanchangi da Bellview da IRS, kuma ya ga abin da ya sami naira bayan Yunin 2023, ba ya buƙatar dogon sharhi a kan wannan.

Amarci a gida, amarci a sama

Tafiyar cin amarci ita kanta baƙuwa ce a wurinmu. Ko a Ingila, a ƙarni na 19 ta faro ne a matsayin yawon gaishe da dangin da ba su sami zuwa biki ba, kafin jirgin ƙasa da otal su mayar da ita hutun mutum biyu. A Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, tafiyar da ke cikin aure guda ce, ita ce ta kai amarya ɗakinta. Amarci a gida ake cinsa: kwana bakwai ga budurwa, uku ga bazawara, kamar yadda shari'a ta tsara, sai buɗar kai da zuwa gaishe da surukai da kawo gara. Kuɗin da ke cikin auren a kan abin da zai zauna yake tafiya, wato sadaki da lefe da kayan ɗaki, kuma nauyinsu ne ya sa gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a rana guda a watan Oktoba 2023.

A 'yan shekarun nan ne masu hali da 'yan boko suka ƙara tafiya a kan jerin, kuma sun ba ta kamar da ta dace da gida. Sau da yawa Umra ce, wadda iyaye ba sa ƙi, wani lokaci a haɗa da Dubai ko Alƙahira ko Istanbul. Babu laifi a cikin wannan ga wanda ke da shi. Inda haɗarin yake shi ne ya zama wani sabon lefe, abin da ake aunawa a hoto, har mai albashi ya ci bashi saboda ya ga wani a Amurka ya ce shi kyauta ya samu.

Lissafi daga Gwarzo

Bari mu yi lissafin a fili. Daga Kano zuwa Jidda kimanin mil 2,100 ne, zuwa da dawowa 4,200. Kujeru biyu na gaba, zuwa da dawowa daga Najeriya zuwa Gabas ta Tsakiya, sukan haura maki 100,000, sau da yawa nesa ba kusa ba. Ko da za a ba mutum cikakken makin kowace tafiya, sai ya yi Umra fiye da sau ashirin kafin ya kai. Alhali tikiti mai rahusa rabi ko rubu'in nisan ake rubuta masa, tikitin rukuni da na shata kuwa galibi ba sa kawo komai. Alhaji, wanda shi ne ya raya filin jirgin Kano, kusan ba shi da rabo a wannan tsari.

Ƙofar katin bashi, wadda ita ce babbar hanya a Amurka, a nan ƙunci gare ta. Yawancin katunanmu na cire kuɗin da ke asusu ne, kuma Musulmi da yawa ba za su shiga yarjejeniyar da aka rubuta kuɗin ruwa a cikinta ba ko da suna da niyyar biya a kan lokaci. Ga kuma matsalar dala. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya sun haura dala miliyan 800, abin da ya sa suka ɓoye tikiti masu rahusa, Emirates ma ya janye daga ƙarshen 2022 har zuwa Oktoba 2024. Sannan tikitin maki ba ya ɗauke haraji da ƙarin kuɗin da kamfani ke ɗorawa, waɗanda da dala ake lissafa su.

Amma akwai mutum guda da tsarin ya yi daidai da shi, kuma shi ne ya fi kowa watsi da shi: ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na kasuwar waya da ke zuwa Guangzhou ko Dubai sau uku ko huɗu a shekara. Daga Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa, zuwa da dawowa, kimanin mil 14,000 ne. Tafiya huɗu a shekara, ko da rabi aka rubuta, maki 28,000 ke nan. Shi ne ainihin ɗan kasuwa, amma a bayan labule yake zama, ejan ke yanka masa tikiti, kuma sau da yawa ba a taɓa sa lambarsa a ciki ba domin ba shi da ita. Haka ma likita ko malamin jami'a ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da ake turawa taro.

Ga irin waɗannan, ƙa'idojin kaɗan ne. Rajista kyauta ce, kuma dole sunan ya zama daidai da na fasfo. Maki na wanda ya zauna a kujera ne ba na wanda ya biya ba, don haka a ba ejan lambar kafin ya yanki tikiti. A tsaya a gida guda: Ethiopian da EgyptAir suna ƙawancen Star Alliance, ana iya zuba makinsu a asusu ɗaya, Saudia na SkyTeam, Qatar Airways, wanda ya fara zuwa Kano a Maris 2022, na oneworld, kuma makinsa Avios ne, irin na British Airways. A duba ranar da maki ke mutuwa. Kujerun maki kaɗan ake warewa, biyu a jirgi guda sun fi wuya, kuma akan buɗe su kusan wata goma sha ɗaya kafin tafiya, alhali ranar aure a wurinmu sau da yawa ba ta kai haka da sawa ba. Lokacin Ramadan da hutun Disamba kuwa sai a cire rai. Sau da yawa amfani da maki a ɗaga tikitin da aka riga aka saya, ko a hanyar tafiya kaɗai, ya fi kusa da hannu. Sayen maki a hannun dillali ya saɓa dokar shirin, ana iya soke tikitin ango da amarya suna tsaye a filin jirgi.

Makin wane ne?

Saura tambaya guda da ta shafi masu karanta wannan wasiƙa fiye da kowa. Idan gwamnati ko ofis ne ya biya tikitin, wa ke da makin? Ƙasashe sun ba da amsa daban-daban. Amurka ta halasta wa ma'aikatan tarayya riƙe nasu a ƙarshen 2001. A Jamus kuwa, a 2002, bayyanar cewa 'yan majalisa sun yi tafiyar ƙashin kansu da makin tafiyar aiki ta sa Gregor Gysi ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin Berlin, Cem Özdemir ma ya sauka daga nasa, a 2006 kuma kotun ƙwadago ta tarayya ta ce mai biyan tikiti yana da ikon neman a yi masa aiki da makin. A Najeriya, gwamnatin tarayya ta hana jami'anta hawa ajin farko a 2016 don rage kashe kuɗi. Ma'aikacin da ke shirin kai amaryarsa sashen gaba da makin tafiye-tafiyen ofis ya kamata ya fara duba ƙa'idar wurin aikinsa, sannan ya tambayi kansa ko ya taɓa zaɓar tikiti mai tsada da kuɗin jama'a don makinsa ya ƙaru. Wannan jarrabawar ba kuskure ba ce a tsarin, ita ce ainihin abin da aka gina shi a kai tun 1981.

Kujerar Makka da kujerar mil duka lada ne na biyayya, kuma duka akwai mai biya. Bambancinsu shi ne a ta farko ka san wanda ya ba ka, ka san abin da yake jira daga gare ka. A ta biyu kwamfuta ce ke riƙe da littafin, kuma mai littafin na iya sauya lissafi ba da saninka ba. Wanda aikinsa ko kasuwancinsa ke ɗaga shi sama ko yaya, sakaci ne ya bar makinsa a ƙasa. Ya tara, ya kashe da wuri, in ya kai kujeru biyu to barka da arziki. Wanda kuwa sai ya ƙirƙiri tafiya ko ya ci bashi kafin ya tara, ya sani cewa ba shi aka auna ba lokacin da ake ɗinka rigar. Daga Kano zuwa Jidda tafiyar awa biyar ce ko ƙasa da haka, gaban jirgi da bayansa kuma tare suke sauka.